Kayan Aro a Ɗakin Yaya Rabi

Tun da na dawo daga Jidda ban huta da tambaya ba. Duk wadda ta shigo shagon ɗinkinmu sai ta ajiye atamfarta ta ce, "Safiya, yaya garin yake?" Wasu labarin zinari suke so, wasu na teku. Jummai kuwa tambayarta ba ta canzawa, wai ko wani mai farar jallabiya da doguwar mota ya tsayar da ni a hanya. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu cikin ƙarar keken ɗinki, shi ya sa na zauna na rubuta muku shi daga farko.

Yaya Rabi yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ina firamare aka kai ta Jidda gidan Yaya Idi, wanda a can aka haife shi, yana tuƙa wa wani mai sayar da kayan gini mota. 'Yarsu ɗaya, Hanan, shekararta goma. A hoto kawai na san ta, kuma a kowane hoto tana zaune, domin tun haihuwa ƙafafunta ba sa ɗaukarta. Da Kawu Sale ya tashi tafiya umra, ya ce yana son wanda zai riƙa tuna masa maganin sukarinsa, sai Inna ta nuna ni. Ranar ko abinci ban iya ci ba don murna.

A littattafan da nake karantawa, yarinya in za ta hau jirgi ƙaramar jaka take ja, ta zauna gefen taga, wani kyakkyawa ya zo ya ce ko za ta ara masa biro. Ni buhu Inna ta haɗa mini: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, da man shanu a robar da ta rantse ba ta yoyo. Kujerar tsakiya na samu. Dama da ni Kawu yana minshari tun kafin jirgi ya ɗaga, hagu kuma wata 'yar kasuwa ce da ta ɗora jakarta a kan ƙafata har muka sauka. Amma ta yi mini rana. Ta ce, "'Yata, Larabcin Jidda biyu ne. In an ce yalla, ki yi gaba. In an ce halas, an gama, kada ki ƙara magana." Da su na rayu kwanakin farko.

Mun daɗe a layin duba fasfo har ƙafata ta yi sanyi. Da muka zo wajen binciken kaya, ma'aikacin ya kwance buhun Inna, ya zura hannu ya ciro ƙullin daddawa. Yana buɗewa ya ja baya. Kawu ya gyara tsayuwa ya soma yi masa bayani da Larabcin littafi, irin na huɗuba, har da ɗaga yatsa. Mutumin ya saurara, ya dubi abokin aikinsa, suka ƙyalƙyale. Wani dattijo mai shara da ke wucewa ya ce da Hausa, "Alhaji, ce masa kayan miya ne kawai." Ma'aikacin ya toshe hanci ya ce yalla, yalla, na ja buhuna na yi gaba. Sai a masauki na ga robar Inna ta yi abin da aka rantse ba za ta yi ba, kuma a kan leshin da na tanada don ranar da zan ga teku.

Makka muka fara zuwa. Wannan ba zan iya ba ku labarinsa ba. Na dai san na yi kuka, na kuma yi wa kowaccenku addu'a, har da Jummai da mai jallabiyarta. Kawu ya zauna can wajen wani tsohon abokinsa, matar gidan ta karɓi aikin maganin, ni kuma Yaya Idi ya zo ya ɗauke ni zuwa Jidda.

Unguwarsu sunanta Nuzla. Na zaci zan ga benaye masu gilashi da furanni a bakin ƙofa. Lunguna na tarar, matsattsu, na'urorin sanyaya ɗaki suna ɗiga a kan masu wucewa, ga wata mata tana suyar masa a bakin ƙofa tana yi wa yara faɗa da Hausa. In ba don baƙaƙen abayoyi ba, sai in ce Fagge nake. Gidan Yaya ɗaki biyu ne a ƙasa, da tsohuwar leda a shimfiɗe da matasai jingine da bango. Muka rungume juna muna kuka, sai na ji murya daga kusurwa.

"Khala, kin fi hotonki gajarta."

Hanan ke nan. Khala take ce mini, wato ƙanwar uwa. Tana da manyan idanu da bakin da ba ya hutawa, ta fara magana da Hausa ta ƙare da Larabci ba tare da ta sani ba. Tana zaune a wani keken guragu da babanta ya sayo a kasuwar gwanjo tun tana ƙarama. Ya yi mata kaɗan, gwiwoyinta sun tokare, an ɗaure hannunsa ɗaya da waya, ƙafa ɗaya kuma tana kuka in an tura. A ranar ta ƙwace littattafan da na zo da su ta ce in riƙa karanta mata. In na kai inda saurayi ya ce ba zai iya rayuwa ba sai da budurwar, sai ta ce, "Kazzab, maƙaryaci. Zai ci abinci anjima."

Abubuwa da yawa sun ba ni mamaki. Da safe wake suke ci, dafaffe lugub da mai, suna ce masa ful, a haɗa da wani faffaɗan burodi mai zafi da ake ciro wa daga tanderu. Na ce wake da sassafe sai ka ce masu zuwa gona, amma kafin mako ya zagayo ni ke fara miƙa hannu. Ana kiran salla kowane shago zai rufe, ko kina tsakiyar ciniki. Mace ba ta tuƙi, komai kuɗinta, sai ta jira direba. Yaya kuma a gaban kowa take ce wa mijinta Abu Hanan, shi ya ce mata Ummu Hanan, abin ya yi mini daɗi a kunne har na ƙudura ni ma haka za a yi a gidana. Wata Juma'a da yamma aka kai ni bakin teku ta wajen Ruwais. Ruwan ya yi yadda na zata, har ya fi. Sai dai babu wanda ke tafiya shi kaɗai yana tunanin masoyiya. Iyalai ne zaune a kan darduma da fulas ɗin shayi, kyanwoyi suna zagaya su. Yaya Idi ya saɓa Hanan a kafaɗa ya shiga da ita har ruwa ya taɓa ƙafarta, tana ihu tana dukan kansa.

A hanyar dawowa ne na ji zancen da ya cika gidan. Akwai wata ƙungiyar agaji da ke taimakon iyalan da ke da yara masu naƙasa, har da baƙi masu iƙama, wato takardar izinin zama. In an karɓe ku, za a ba yaron keke daidai jikinsa, a riƙa ba da wani abu duk wata, kuma mota ta zo ta kai shi makarantarsu. Hanan ba ta taɓa shiga aji ba. Uwarta ce ta koya mata karatu a gida. Amma taimakon yana da iyaka: in abin da ke shigowa gida a wata ya haura wani adadi, ko da kaɗan ne, ba ku ciki. Albashin Yaya Idi yana ƙasa da layin da ƙyar. Har kafilinsa, wato maigidan da iƙamarsa ke hannunsa, ya so ya yi masa ɗan ƙari, ya roƙe shi ya dakata.

Na ce, "Yaya Idi, ƙari aka yi maka ka ce a'a? A Kano sai a kai ka wajen masu ruƙiyya."

Ya yi dariya ya ce, "Ƙarin ba zai sayi ƙafar keke ɗaya ba, Safiya, amma zai fitar da mu daga layi. An riga an kai takardu. Saura su turo mai duba gida."

Yaya Idi ya tafi kai kaya wani gari mai nisa, washegari aka bugo waya cewa mai duba gidan za ta zo Talata bayan azahar. Yaya Rabi ta ajiye wayar ta tsaya tana kallon ɗakinta, daga ledar da ta tsage zuwa labulen da rana ta cinye.

Ta ce, "Baƙuwa za ta shigo ta same ni haka?"

Kafin la'asar zance ya kai kunnen Hajiya Gambo, maƙwabciyarsu, wata 'yar Damagaram mai jiki da murya, wadda duk lungun ke jin maganarta. Ta shigo tana haki ta ce, "Rabi, muna raye ba za a kunyata ki ba. Balarabiya ta zo ta koma ta ce Hausawa a kan leda suke kwana? Ina. Tapi ɗina yana nan, sabo, ko suna ban yi a kansa ba." Tapi shi ne kafet a bakinsu.

Kun san yadda muke. In baƙo zai zo, ko cokali ne sai a aro. Ranar Talata tun da safe kaya suka fara shigowa. Kafet ja mai laushi, kujeru daga gidan wata, talabijin babba daga gidan wata, labule mai ruwan zinari, har da agogon bango mai kiran salla. Aka yi karo-karo aka sayo kaji, aka ɗora shinkafar nan tasu mai kayan ƙamshi. Ni kuwa abin nema ya samu. Duk falon da na taɓa karantawa na zuba a ɗakin nan: furannin roba a kusurwa, kofuna a jere a kan tire, turaren wuta har ba ka ganin na kusa da kai. Hajiya Gambo ta zare awarwaronta na zinari ta zura wa Yaya. Da muka gama, abu ɗaya ne ya ɓata tsarin, tsohon keken Hanan. Muka ɗauke ta muka zaunar a kan kujerar aro, muka tura keken bayan ƙofar kicin.

Hanan ta ce, "Ummi, matar nan fa zuwa za ta yi ta ga ba mu da shi."

Yaya ta ce, "Takardar albashin babanki tana hannunsu, sun san ba mu da shi. Sai na kuma shanya musu a ido? Gyara ɗankwalinki."

Matar ta zo a kan lokaci. Yarinya ce siririya, baƙa kamar mu, ana ce mata Abla Samira. Ta cire mayafin fuskarta, ta gaishe mu da fara'a, ta tsuguna ta yi hira da Hanan har suna tafawa. Da Larabci ake komai, Hanan tana raɗa mini fassara. Hajiya Gambo da sauran mata suna tsakar gida, wai suna taya aiki, kunnuwansu na jikin labule. Ina jin Hajiya tana cewa, "Wannan 'yar firit ɗin ce za ta yanke hukunci? Ko aure ba ta yi ba, ku duba wuyanta."

Abla ta zauna. Na ga idonta yana yawo, daga talabijin zuwa agogo, daga agogo zuwa hannun Yaya. Ni a raina daɗi nake ji, na ce ta yaba. Sai ta tambaya ko Yaya tana sana'a. Yaya ta ce a'a. Ko akwai wani mai aiki a gidan bayan maigida? Babu. Ko ana aiko musu da wani abu daga wani wuri? Babu. Sai Abla ta yi magana a hankali, Hanan kuma ta daina fassara. Sai da na taɓa ta ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ta ce albashin Baba yana ƙasa da iyaka, amma ɗakin nan ba na wannan albashin ba ne. Dole ta faɗi abin da ta gani. Kwamiti zai ce akwai samun da aka ɓoye."

Abla ta miƙe ta yi sallama, ko abincin ba ta taɓa ba. Ta leƙa waje, sai ga shi an kira la'asar, direbanta ya kulle mota ya tafi masallaci. Dole ta dawo ta zauna jira. Hanan ba ta yi kuka ba. Ta dai juya fuskarta ga bango, ta kama gefen kujerar da hannu biyu don kada ta zame, domin kujerar ba irin tata ba ce, babu abin da ke tare ta.

Yaya ta daɗe tana kallon 'yarta. Sannan ta zare awarwaron ɗaya bayan ɗaya ta ajiye a kan tire, suna ƙara. Ta ce da Larabci, "Wannan na maƙwabciyata ne." Ta nuna kafet ta faɗi mai shi. Ta nuna talabijin, ta nuna labule, ta nuna agogo. Ta tashi ta shiga kicin ta turo keken, ƙafarsa tana kukan nan nata, ta tsayar da shi a tsakiyar ɗaki.

Ta ce, "Wannan ne namu. Shi da ledar da ke ƙarƙashin ƙafarki."

Na san Yaya. Da ta faɗi haka a gaban baƙuwa, gara a ce ta yini tana dakan gero. Ta juya ta ɗaga murya da Hausa ta ce, "Hajiya, ku shigo kowa ta ɗauki nata."

Suka shigo a jere suna sunkuyar da kai kamar waɗanda aka kama. Mai talabijin ta rungumi abinta. Mai agogo ta hau kujera ta sauke, mai kujerar tana ce mata ta sauka kada ta karya mata ƙafa. Hajiya Gambo ta durƙusa ta fara naɗe kafet, da ta iso wajen Abla ta ce, "Ɗaga ƙafa, 'yar nan," Abla ta ɗaga tun kafin a fassara. Ba wanda ya lura sai Hanan. Kafin direba ya idar da salla ɗakin ya koma yadda na same shi, sai furannin robana a kusurwa da hayaƙin turare.

Abla ta rufe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa. Na zaci kuka take, ashe dariya ce. Ta share ido ta ce, da wata Hausa mai karkata, "Kakata ma haka. In baƙo zai zo, har kofi aro."

Hajiya Gambo ta saki kafet ta ce, "La ilaha. Kina jin Hausa?"

"Ina ji. Faɗi ne wuya." Ta taɓa wuyanta. "Kuma an sa rana, Hajiya. Bayan hajji."

Dariyar da aka yi har masu wucewa suka leƙo. Hajiya ta ce ita yabon wuyan ta yi, a tambayi kowa. Abla ta zauna a kan leda ta ce yanzu za ta ci abincin, amma a faɗa mata kajin na wane ne. Aka ce na lungu ne gaba ɗaya, mai cinya ta san kanta, mai fiffike ma haka. Ta ci sosai. Ta duba keken, ta sa aka zaunar da Hanan a ciki ta ga inda yake gurje mata gwiwa. Da za ta tafi ta riƙe hannun Yaya ta ce ba ita ke yanke hukunci ba, amma abin da ta gani yanzu shi za ta kai.

Da Yaya Idi ya dawo aka ba shi labari, ya dafe kai ya zauna a bakin ƙofa. Ya ce, "Ni ina can ina ƙin ƙarin albashi, ku kuna nan kun mai da ni attajiri a yini ɗaya." Hanan ta ce ai da ya ga agogon da ya yi kuka. Bayan nan jira ya fara. Duk ƙarar waya sai mu yi tsalle, ni kuma kwanakin bizata suna ƙarewa, Kawu yana aiko cewa in fara haɗa kaya. Na sayi tsarabarku cikin rashin natsuwa, shi ya sa wasu suka samu turare biyu wasu babu.

Amsa ta zo ana saura kwanaki kaɗan in taso. An karɓe su. Keken ya iso a kwali, shuɗi, mai madafa da abin tare ƙirji, Hanan ta ƙi yarda kowa ya tura ta, ta yi ta zagaya ɗaki tana buge matasai. Matan lungu suka cika gidan da guɗa, Hajiya Gambo tana gaya wa kowa cewa tapi ɗinta ne ya jawo alherin.

Ana gobe zan bar Jidda motar makaranta ta fara zuwa. Ba ta iya shiga lungun ba, sai muka raka Hanan bakin titi, rabin unguwa na biye da mu. Motar tana da wani ƙarfe da ke saukowa ƙasa ya ɗaga keke da mai shi. Yaya ta gyara mata ɗankwali, ta sake gyarawa, ta ce in ta ji ƙishirwa ta faɗa, in wani ya tsokane ta ta faɗa.

Hanan ta ce, "Halas, Ummi. Yalla, za mu makara."

Ƙarfen ya ɗaga ta. Kafin a rufe ƙofa har ta juya tana yi wa yarinyar da ke gefenta surutu, ko waiwayen mu ba ta yi ba. Motar ta tafi, mata suka watse, aka bar ni da Yaya a bakin titi. Shekara goma ba ta taɓa yin safiya babu yarinyar nan a hannunta ko a bayanta ba. Ta dubi hannuwanta, ta goge su a jikin abaya, ta sake dubansu.

Ta ce, "Safiya, wai me mutane suke yi da safe?"

Na ce ni ma ban san na Jidda ba. Muka koma gida, ta dafa shayi, ta zauna ta miƙe ƙafa a kan ledarta, ta shanye shi tun da zafinsa.